Lilon Nasara a Jigawar Taura

Shekarar da aka ja hanyar jirgin ƙasa ta gefen ƙasarmu, ni da yayana gona ɗaya muke nomawa, akushi ɗaya muke sa wa hannu. Mahaifinmu ya riga ya rasu. Mu biyu ne maza a gidan, sai Inna da matar Yaya da 'yarsu da ake goyo. Garinmu ƙauye ne tsakanin Ringim da Taura. Ba zan faɗi sunansa ba, don jikokin mutanen da zan ambata suna nan da ransu, wasu ma muna haɗuwa da su a masallaci.

Ni a lokacin na isa aure, har an fara kai gaisuwa wani gida a unguwar gabas, sai dai uban yarinyar yana ta ja mana rai. Yaya ya girme ni da kamar shekara bakwai. Dogo ne mai faɗin ƙirji, ba shi da yawan magana, amma in ya yi dariya har bayan gari ana ji. In aka yi gayya, kunyarsa ce take fara kaiwa ƙarshen gona, sai ya juyo ya kama wa wanda aka bari a baya. Ban taɓa ganin ya ɗaga wa kowa hannu ba, ko jaki sai dai ya daka masa tsawa.

Bayan an gama kai amfani rumbu, dagaci ya tara magidanta ya ce an aiko daga sama a ba da mutane don aikin diga. Kowane gida namiji ɗaya. Da aka zo kan gidanmu sai ya ce biyu. Kowa ya san dalili. Akwai wata kuka a kan iyakar gonarmu da tasa, sun daɗe suna jayayya a kanta da mahaifinmu. Inna ta yafa mayafi ta je ta durƙusa a ƙofar zaurensa ta ce a bar mata ɗaya. Ya ce ba shi ya yi dokar ba. Kwana uku bayan haka muka bi sahu, kowa da tabarmarsa da ƙullin garin gero.

Sansanin yana gindin wata doguwar jigawa, bukkokin kara ne jere kamar na masu tsaron gona. Aikin kuwa shi ne a cike wata fadama, a tayar da ƙasa ta yi tudu yadda jirgi zai wuce a kai ko da ruwa ya cika wurin da damina. A can saman jigawar ake haƙo marmara. Daga saman zuwa fadamar an shimfiɗa wasu siraran ƙarafa guda biyu, ga wani akwatin ƙarfe mai ƙafa huɗu yana gudu a kansu. Kura muke ce masa. In babu kaya, mutum huɗu ne suke tura ta sama, suna nishi. In aka cika ta kuwa, ba ta neman kowa, da kanta take gangarowa. Mutum ɗaya ne yake tsayawa a kan wani ɗan katako a bayanta, riƙe da doguwar sanda da yake danna wa ƙafar baya in gudun ya yi yawa. Wannan shi ne birki.

Hanyar ba miƙaƙƙiya ba ce. Daga sama sai ta zube ƙasa tsaye, sannan ta haye wani ƙaramin tudun rairayi, ta sake zubewa, ta yi kwana a gindin wani gawo, kafin ta miƙe a kan tudun da muke cikewa. A ƙarshen tudun ƙarafan suke yankewa. Gaban nan babu komai sai rami mai zurfin tsayin mutum biyu, da duwatsun da ake jibgewa.

A mako na biyu Yaya ya karɓi sandar birki, don masu riƙe ta biyu sun riga sun yi tsalle sun bar kura a hanya saboda tsoro. Ran nan ya ce mini, "Hau kan kayan nan ka zauna, ka huta da saukowa a ƙasa." Na hau. Da kura ta kai bakin gangaren ta sunkuya, sai na ƙanƙame bakin akwatin. Iska ta cika mini baki, na nemi salati na rasa farkonsa. Da muka haye ƙaramin tudun nan sai jikina ya rabu da marmarar da nake zaune a kai, na ji kamar an zare mini hanji, kafin mu sake rugawa ƙasa. A kwanar gawo na tabbata kifewa za mu yi. Duk wannan abu Yaya yana bayana yana ƙyalƙyala dariya. Da muka tsaya na sauko, na zauna a ƙasa. Ba zan ɓoye ba, kafin la'asar na roƙe shi ya sake ɗora ni.

Wani mutumin Garki da muke tura kura tare, shi ya raɗa mata suna lilon Nasara, don ya ce tun lilon da suke ɗaurawa a reshen tsamiya suna yara bai sake jin cikinsa ya yi haka ba. Sunan ya bi sansanin, daga baya ya bi mu gida. Har yanzu a ƙauyukanmu in hatsi ya yi tsada da safe ya karye da yamma, ko aka naɗa mutum aka tuɓe aka sake naɗawa, za ka ji tsoho ya ce abin ya zama lilon Nasara. Yaran yanzu suna faɗa, sun ɗauka salon magana ne kawai. Ba su san abu ne na ƙarfe mai ƙafa huɗu ba, wanda na hau da kaina.

Baturen da yake kula da aikin ja ne sosai, kullum da hular kwano da gajeren wando. Ba ya jin Hausa sai 'yan kalmomin zagi, komai ta bakin tafintansa yake faɗa, wani siririn mutum mai tsabtar tufafi da ba mu san garinsu ba. Baturen ya yi kwanaki yana tsayawa a gindin gawo yana kallon yadda Yaya yake shan kwanar nan ba ya zubar da ko tafi ɗaya na marmara. Da helman da muka tarar, wato shugaban leburori, ya gudu, sai aka kira Yaya gaban tanti. Ya fito da kwat ta kaki a jikinsa, usur a wuya, bulalar dorina a hannu.

Juma'ar da ya fara zuwa gida a haka ina biye da shi. Mata suka yi ta guɗa tun daga bakin rijiya. Dagacin nan da ya ƙi sauraron Inna shi ya taso daga kan buzunsa ya tarbe shi, ya kira shi da "helma", da yamma kuma ya aiko da zakara. Maganar kuka ta mutu. Matan gari suka riƙa shigowa wurin Inna da ƙwai da man shanu, kowace tana roƙo a sa baki a sako mata ɗa ko miji. Inna, wadda tun rasuwar mahaifinmu ba a tambayarta ra'ayi ko a sunan jikan maƙwabta, ta zama sai an jira ta kafin a fara rabon goro. Na ga yadda ta riƙa ɗaga kai in tana tafiya, kuma na ji daɗi. Uban yarinyar da nake nema ma ya aiko a gaya mini ƙofarsa a buɗe take.

Ba mu san abin da ke cikin kwat ɗin ba sai da zafi ya shigo. Baturen yana son a gama cike fadamar kafin ruwan farko, ya ƙara yawan kurar da za a sauke a yini. Da fari Yaya ƙasa yake tsula wa bulala, ya yi tsawa, mutane su yi kamar sun tsorata. Sai tafinta ya kai gulma cewa helma yana sassauta wa mutanen garinsu. Aka kira shi tanti. Ban san abin da aka gaya masa ba, amma ya fito fuskarsa a ɗaure.

Washegari da hantsi na ajiye diga na nufi tulu in sha ruwa, usur bai busa ba. Ban kai ga ɗaga moɗa ba na ji wuta a gadon bayana. Na juya, sai ga shi.

Na ce, "Yaya, ni ne fa."

Ya ce, "Na gan ka. Koma bakin aikinka."

Mutane sun fi hamsin suna kallo, Baturen yana can tsaye hannu a ƙugu. Da aka tashi cin abinci ya same ni bayan bukka da man kaɗanya a ganye. Ya ce in juya ya shafa mini. Na ƙi. Ya tsuguna ya ce, "In ban dake ka ba, gobe wani za a miƙa wa bulalar nan, shi kuwa ba zai zaɓi inda zai sauke ta ba." Na ce masa ya ajiye man, zan shafa da kaina. Ya ajiye ya tafi. Daga ranar hannunsa ya saba. Ya doki mutanen da suka yi kaciya tare, ya doki wanda ya yi masa abokin ango a bikinsa.

A ɗiba na biyu aka kawo Kawu, ƙanen Inna. Dattijo ne mai furfura, shi ne maɗorin ƙasarmu, duk wanda ya karye daga nan har bakin kogi wurinsa ake kai shi. Bai kamata a ɗebo irinsa ba, amma 'ya'yansa duk mata ne. Wata rana azahar ta yi, usur bai busa ba, Kawu ya ajiye kwandonsa ya yi taimama ya ta da salla. Baturen ya nuna shi da sandarsa ya yi magana. Yaya ya tsaya kamar bai ji ba. Baturen ya sake magana da ƙarfi. Yaya ya jira har Kawu ya yi sallama, sannan ya sauke masa dorina a kafaɗa, sau ɗaya.

Kawu bai ko motsa ba. Ya ɗago ya dubi hannun da ke riƙe da bulalar ya ce, "Hannun nan ni na ɗora shi, shekarar da ka faɗo daga bishiyar ɗorawa." Ya ɗauki kwandonsa ya koma.

Labarin ya riga mu isa gida. Turmin zane da Yaya ya saya wa Inna a kasuwar Taura, ta sa aka mayar masa da shi har sansani, ko warware shi ba ta yi ba.

Ana cikin haka, wata Lahadi da ya kamata mu huta, aka ce Baturenmu ya yi baƙi daga Kano, wani Bature mai ƙiba da matarsa. Bayan sun ci abinci suka fito yawo suka ga kura. Matar ta tafa hannu tana ta magana. Nan da nan aka sa mu wanke kura ɗaya tas, aka shimfiɗa kilishi a ciki, aka ɗaure kujeru biyu da igiya. Mu takwas aka zaɓa mu tura su sama, ni da mutumin Garki muna ciki. Yaya aka ce ya riƙe birki.

Saukar farko matar ta yi ta ihu har muka ɗauka wani abu ya same ta. Da muka iske su a ƙasa sai muka tarar dariya take yi har da hawaye, tana nuna saman jigawa, a sake. Muna cikin tura su karo na biyu tafinta yana biye da mu a ƙasa, ya ce mana, "Kun san abin da take cewa? Wai a ƙasarsu akwai irin wannan, an gina shi da katako ya fi rimi tsawo, yana hawa yana sauka. Ba ya ɗaukar ƙasa, ba ya kai kowa ko'ina, inda ka hau nan za a sauke ka. Mutane layi suke yi su biya don a tsorata su."

Mutumin Garki, gumi yana zuba daga haɓarsa, ya ce, "Su zo a ba su diga mana, ai nan kyauta ake ba da tsoro." Muka yi dariya ƙasa-ƙasa, ba mu da numfashin da ya fi haka.

A karo na uku baƙon ya ce gudun bai ishe shi ba. Ya ce kada helma ya taɓa sandar nan sai an wuce gawo. Ina tsaye kusa da su lokacin da tafinta ya faɗa. Yaya ya girgiza kai ya ce, "Gaya masa kurar nan ba kaya a cikinta, ba ta da nauyin da zai danne ta. In na bar ta har gawo, abin da ya rage bai isa in tsayar da ita ba."

Tafinta ya ce, "Ni ba zan gaya wa baƙon Bature ba a iyawa ba."

Yaya ya ce, "Ka gaya wa namu to."

Tafinta ya juya ya yi wata gajeriyar magana da Turanci, wadda ko ni da ba na ji na san ba ta kai tsawon abin da Yaya ya faɗa ba. Baturenmu ya ɗaga kafaɗa ya nuna hanya da haɓa. Yaya ya dube ni sau ɗaya, ya tofa yawu a tafinsa, ya hau katakon.

Daga saman jigawar ana ganin hanyar duka. Mun ga kura ta zube, mun ga ta haye ƙaramin tudun har ƙafafunta na gaba suka rabu da ƙarfe suka dawo. A kwanar gawo ta karkata, Yaya ya jefa jikinsa ɗaya gefen ya danne ta. Suna wucewa ya kafa sandar da dukkan ƙarfinsa. Ƙarar karyewarta har inda muke ta iso. Kura ta ci gaba da gudu a kan tudun, ta nufi inda ƙarafan suka ƙare. Sai muka ga Yaya ya zame ta gefe yana riƙe da bakin akwatin da hannu ɗaya, yana cusa guntun sandar a gaban ƙafar baya, ƙafafunsa suna jan ƙasa. Ƙura ta tashi ta rufe su. Da ta lafa, kura tana tsaye, tsakaninta da ramin bai fi taku biyar ba.

Ban san yadda na sauko daga jigawar ba. Na tarar an fito da matar, tana amai, mijin yana yi mata fifita. Hularta ta faɗi a hanya, Baturenmu yana nuna wa wani lebura ya je ya ɗauko. Yaya yana kwance a gefen ƙarfe, ƙafarsa ta dama daga gwiwa zuwa ƙasa ta lanƙwashe inda babu gaɓa, ƙashi ya huda fata. Bai yi kuka ba. Da na ɗaga kansa abin da ya fara tambayata shi ne, "Sun sauka lafiya?" Har yau in na tuna tambayar nan raina yana ɓaci, ban san ko da shi ba ne ko da su. Baƙon ya zo ya tsaya a kansa, ya yi wata magana, ya zaro gwangwanin taba daga aljihu ya ɗora masa a ƙirji. Yaya bai taɓa shan taba ba.

Aka ce likita sai bayan kwana huɗu zai zo, kuma in ya zo yanke ƙafar zai yi. Kawu ne ya matso ya duba, ya ce a kai shi gida. Baturen ya yarda a ba da mutum huɗu, ya kuma sallami Kawu. Neman mutum huɗun nan shi ne abu mafi wuya da na taɓa yi. Na bi bukka bukka, mutanen garinmu suna sunkuyar da kai, wani ya juya mini bayansa ya ɗaga riga don in ga tabo. Daga ƙarshe mutumin Garki ya tashi, da wasu baƙi biyu da ba su daɗe da zuwa ba, ni na cike na huɗu. A kan gadon kara muka ɗauke shi. Da Inna ta hango mu daga ƙofar gida ta ɗauka gawa ce, ta zube a wurin.

Kawu ya ɗora ƙafar. Ya sa muka danne shi, ya ja, ya jera, ya ɗaure da tsinken kara da saiwoyin magani. Kullum da safe yana zuwa ya duba ya canza magani, har wata uku. A duk zuwan nan bai ce wa Yaya ko sannu ba. Da Inna yake magana, ya ce a ba shi kaza, a hana shi kaza. In an kawo masa ruwa ba ya sha.

Ni kuwa washegarin ranar da muka kai shi na koma sansani. Tafinta ya kira ni gefe ya ce Bature ya rubuta a takarda cewa helma ne ya yi ganganci, ya hau da ruɓaɓɓiyar sanda. Ya ce a dawo da kwat da usur da bulala, kayan aiki ne. Sannan ya yi murmushi ya ce, "Ya ce jininku ɗaya, kai ma ka iya birki. In kana so, naka ne. In ba ka so, akwai mai so." Ya nuna mini wani ƙato da kowa ya san mugu ne.

Shekaru da yawa ina gaya wa mutane don in tsare 'yan garinmu daga ƙaton nan na karɓa. Yanzu na tsufa, babu wanda zan yi wa ƙarya. Ina son kwat ɗin. Na ga yadda dagaci ya tashi tsaye, ina so a tashi mini. Ina kuma tsoron uban yarinyar nan ya rufe ƙofar da ya buɗe.

Ni aka aika in karɓo kayan. Na shiga ɗakin Yaya da hantsi, na tarar ya yi matashi da kwat ɗin, matarsa tana kore masa ƙuda daga ƙafar. Na gaishe shi, na daɗe ina kame-kame, sannan na ce, "Yaya, an aiko ni in karɓi kwat da usur."

Ya ce, "Wa za a ba?"

Na dubi kwat ɗin da ke ƙarƙashin kansa.

Ya ce, "Kai ne?"

Na ce, "Ni ne."

Ya ɗaga kansa, matarsa ta zaro kwat ɗin. Hannun dama duk jini ya bushe a jiki. Ya ciro usur daga wuyansa ya ɗora a kai ya ce, "Ka sa a wanke. Sandar birki kuma kada ka yarda da wadda ta bushe ƙwarai, ka sari ɗanyar kanya da kanka." Ya juya fuskarsa bango. A tsakar gida Inna ta ga abin da na rungumo, ta ajiye taɓarya ta ce, "Ɗaya bai ishe su ba?" Na wuce ta na fita.

Na yi rantsuwa a hanya ba zan doki kowa ba. Kwana tara rantsuwar ta yi. Wanda na fara duka mutumin Garki ne, don ya zauna cire ƙaya Baturen yana kallo. Bai sake yi mini wasa ba har muka rabu. An ɗaura mini aure a cikin kwat ɗin, mutane sun cika ƙofar gida, kowa yana dariyar da ba ta wuce haƙori ba.

Da aka gama cike fadamar aikin ya yi gaba, ya shiga ƙasar wasu. Aka kwashe siraran ƙarafan aka ɗora kura a kan amalanke. Tafinta ya ce can sai ɗan ƙasar zai yi helma, ya miƙo hannu, na tuɓe na ba shi. Na dawo gida da rigar da na tafi da ita.

Ba a yi mana faɗa ba, ba a zage mu ba. Gaisuwa ce kawai ta gajarce. Matan da suke kawo wa Inna ƙwai suka daina ganinta a hanyar rijiya. Damina uku ina kiran gayya ba wanda yake zuwa, ni kaɗai nake noma gonar da mu biyu muke nomawa, rabinta ya koma saura. Dagaci ya ta da maganar kuka, aka kira shaidu, duk waɗanda suka san gaskiya suka ce sun manta. Ya haɗa da kunya goma sha biyu ya cinye. Kawu ya rasu bai sake cin abincin gidanmu ba, Inna kuwa ta bi shi bayan shekara, ba ta daina cewa mu muka raba ta da ɗan'uwanta ba.

Ƙafar Yaya ta haɗe, amma ta gajarce ta karkace, kuma akwai wani rami a ƙwaurin da bai taɓa rufewa ba. Ya koma zama a ƙofar zaure yana tufkar igiyar rama, matarsa tana yi wa mutane surfe da daka. Ba ta taɓa kai ƙararsa ko'ina ba, Allah ya saka mata. In ya wuce da sandarsa sai ka ji ana cewa alhakin Kawu ne ya kama shi. Ba wanda ya taɓa cewa mutum biyu ya tsamo daga bakin rami. Waɗanda ya tsamo ɗin ma ba mu sake jin labarinsu ba.

Ranar da jirgi ya fara wucewa duk gari aka tafi kallo. Na ɗauka Yaya ba zai so zuwa ba, sai ya ce in ɗaura wa jaki akumari. Muka tsaya nesa da jama'a. Lokacin damina ne, fadamar ta cika maƙil, tudun yana tsaye a tsakiyar ruwa. Jirgin ya zo da hayaƙinsa da kukansa, mutane suna ta kabbara, wasu suna gudu. Yaya bai kalli jirgin ba, tudun yake kallo. Da aka wuce ya ce, "Bai lotsa ba ko kaɗan. Mun daka shi da kyau." A hanyar komawa na ga idonsa ya yi ja, na yi kamar ban gani ba.

Ya yi shekara shida bayan haka. Da ciwon ya hau har cinya, jikinsa ya riƙa zafi, na san tafiya ta zo. Wata safiya na kai masa kunu, na zauna a bakin gadon na ce, "Yaya, ka yafe mini."

Ya ce, "Me ka yi?"

Na ce, "Kwat ɗin nan. Kana kwance na zo na zare ta daga ƙarƙashin kanka."

Ya daɗe yana juya ludayi a cikin ƙwarya, sannan ya ce, "Da kai ne ka karye, ni ma da na karɓa." Na so ya zage ni, ko ya ce ya yafe. Bai ƙara komai a kai ba, ya ce kunun ya yi tsami, a ƙara masa ruwa.

Bayan kwana biyar ya cika, da hantsi, ranar kasuwar Ringim. Na aika unguwa unguwa aka faɗa. Da aka fito da shi liman ya ɗan jira ko za a ƙaru, ya dubi rana, ya ce a daidaita sahu. Mu goma sha ɗaya ne muka yi masa salla, har da liman.